Dalhatu Mai Koɗa da Gatarin Aradu

Ƙasar Gumel ba ƙasar dutse ba ce. Daga Gagarawa har ka dangana da iyaka a Maigatari rairayi ne kawai da jigawa, in akuya ta shiga maka gona sai dai ka jefe ta da hoge ko da takalminka. Duk wani dutsen kirki da ka gani a nan, hannun mutum ne ya kawo shi daga wani wuri. Babu wanda ya kai Dalhatu mai koɗa sanin haka, amma bai sani ba sai da bakinsa ya ja aka kashe mutum.

Sana'ar gado ce. Ubansa da jakuna yake ɗauko duwatsun niƙa daga Kazaure, shi kuma Dalhatu ya zo zamanin da mota ke sauke su a kasuwar Maigatari. Sayarwar ba ita ce aikin ba. Dutsen niƙa in ya sha aiki sai ya yi santsi, ya daina cin hatsi, sai an samu mai sassara fuskarsa da makoɗi har ta sake yin kaushi. Wannan ita ce koɗa. Dalhatu yakan rataya jakarsa ya bi ƙauyuka, ya zauna a ƙofar gida a fito masa da dutse, ka yi ta jin ƙwas ƙwas har azahar. Yana da shekara ashirin da biyar ya riga ya yi suna, kuma a gaskiya sunan ya hau masa kai. Saurayi ne mai son a ce ya sani.

Shekara biyu bayan babban farin nan, da damina, aiki ya kai shi wani ƙauye gabas da Sule Tankarkar. Ya sauka gidan Ilu maƙeri, wanda ke gyara masa bakin makoɗi. Kafin zuwansa aradu ta faɗo a gindin wata aduwa ta kashe wani manomi mai suna Gambo. Mutanen ƙauyen suka yi abin da suka gada: suka zuba nono a wurin, suka jira kwana bakwai, sannan suka zo da fartanya suna tono. A faɗarsu, aradu in ta Allah ce ba ta barin komai. In kuwa turo ta aka yi, sai an samu gatarinta a ƙasa, wani ɗan dutse mai baki irin na gatari. Kowa ya san Gambo da Ilu sun yi cacar baki kan iyakar gona, kowa kuma ya san abin da ake faɗa a kan maƙera da wuta.

Ba su yi kamu biyu ba fartanya ta bugi wani abu. Dutse ne baƙi, tsawon tafin hannu, gefe guda ya fi siranta. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Sai wani ya tuna akwai mai duwatsu a gari.

Dalhatu ya zo cikinsa cike da furar da Safara'u, matar Ilu, ta dama masa da hantsi. Dattawa suka buɗa masa hanya, abin da ba a taɓa yi masa ba. Ya ɗauki dutsen ya juya shi sau biyu. Ko laka bai wanke ba.

"Yaro, kai ka san dutse," in ji yayan mamacin. "Shi ne ko ba shi ba ne?"

Dalhatu bai taɓa ganin gatarin aradu ba, labarinsa kawai yake ji. Amma ga idon jama'a a kansa, "ban sani ba" ta yi masa nauyi a baki. Ya ce, "Shi ne."

Ko ajiye dutsen bai yi ba mutane suka juya. Sun iske Ilu a maƙera yana zuga. Gorar farko a ƙeya ta same shi, ya kife da fuska cikin garwashi. Suka ja shi waje ta ƙafa, suka rufe shi da taɓarya da fartanya da gudumarsa ta aiki. Ya ɗaga hannu ya kare kansa aka karya hannun, ya ɗaga ɗayan aka karya shi ma. Yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, mutanen da shi ya ƙera garmar da suke noma da ita, har wani ya sa masa taɓarya a baki ya yi shiru. Safara'u ta fito da goyo ta faɗa kansa, aka fizge ta aka wurga jikin zana, ita da ɗan. Abin bai kai a dafa tukunyar tuwo ba. Dalhatu yana tsaye a gefe da dutsen a hannu, jinin ya taɓa yatsun ƙafarsa bai matsa ba.

Da la'asar ya bar garin. A bakin wata rijiya a hanya ya wanke dutsen, sai ya ga ruwan ya yi ja. Ya ɗora shi a ƙasa ya buga masa makoɗi sau ɗaya, ya ruguje. Marmara ce, irin wadda masu haƙar rijiya ke fitarwa su zubar. Nan ya durƙusa ya amayar da furar Safara'u.

Bai gaya wa kowa ba. Wannan shi ne laifinsa na biyu, kuma ya fi na farko muni, don na farko da ƙuruciya ya yi shi, na biyu kuwa da hankalinsa ya yi ta yi shekara da shekaru. Safara'u ta koma wurin danginta a wani ƙauye kusa da Ɗanzomo, ita da ɗan goyon nan, Mannir. Ba ta riƙe Dalhatu a zuciya ba. Ta ɗauka abin da ya gani ne ya faɗa, ta ɗauka mijinta ya aikata. Duk shekara Dalhatu yakan je ya koɗa mata dutse ya ƙi karɓar ko ruwan sha. Duk shekara yakan shirya maganar tun daga hanya, in ta fito ta ce, "Malam Dalhatu, an zo lafiya?" sai ya sunkuyar da kai ya kama ƙwas ƙwas.

Abu ɗaya ya yi, ya rantse ba zai sake faɗin wani abu a kan dutse ba sai abin da ya tabbatar. Sai ya zama kamar mai taɓin duwatsu. Manomi ya huɗo wani abu a gona, mai haƙa ya fito da wani, direban da ya dawo daga Damagaram ya tsinto wani, duk Dalhatu ake kai wa, ya tara su a tsohuwar randa a ɗakinsa. Matarsa Murja takan ce ita kam ta auri mai kiwon tsakuwa, sauran ya fara yi musu huɗubar suna.

Cikin ɗari, casa'in da tara ba komai ba ne. Wani ruwa ne ya goge shi, ko'ina santsinsa ɗaya, ba gaba ba baya. Wani fashewa ya yi, yana da kaifi amma kaifin karkatacce ne, gefe guda kawai, ba wanda ya nufe shi. Sai can a samu guda wanda ya bambanta. Dutsen ma ba na nan ba ne, baƙi ko kore, mai nauyi, makoɗi ba ya cin sa da sauƙi. Fuskokinsa biyu an wasa su daidai har suka haɗu a tsakiya suka yi baki. In ka karkata shi a rana za ka ga ƙananan zane duk sun bi hanya ɗaya. Gindinsa kuwa da kaushi. Ranar da Dalhatu ya fara sa babban yatsa a irin wannan gindin, nan take ya gane aikin. Koɗa ce. Wani ne ya zauna ya yi ta ƙwas ƙwas don dutsen ya kama ƙota, kamar yadda shi yake yi wa dutsen niƙa don ya kama gero.

Ya kai guda biyu wurin Malam Habibullah, wani malamin tarihi a Gumel da ke saya wa mahaifiyarsa dutse a wurinsa. Malamin ya ce haka ne, mutanen da can ne, tun ba a san ƙarfe ba, da su suke saran itace. Aradu ba ruwanta. Suna nan binne a ƙasa, in ka tona a inda aka taɓa zama za ka iya samu, ko tsawa ta faɗo ko ba ta faɗo ba. Dalhatu bai tsaya ga bakin malami ba. Ya samo ɓallin baƙin dutse daga Damagaram, ya yi damina guda yana koɗa shi yana wasawa da yashi da ruwa, har ya fito da nasa gatarin. Tun daga nan yana aljihunsa, bai taɓa nuna wa kowa ba sai Murja.

Shekaru suka tafi. Injin niƙa ya cinye rabin sana'ar, ɓarɓashin dutse ya cinye masa idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Amma yatsunsa sun maye gurbin idon. A ba shi dutse ya rufe ido, ya bi bakinsa da yatsa, ya kankare da farce, ya gaya maka ko hannu ne ya yi shi ko ruwa. Mannir kuwa ya girma ya kama ƙira irin ta ubansa, ya yi aure ya haifi 'ya'ya huɗu. Amma har ya kusa arba'in, in an so a ɓata masa rai sai a ce ɗan mai aradu.

Daminar da ta wuce, gero ya riga ya fi mutum tsawo, aradu ta faɗo a ƙauyen su Safara'u ta kashe wani saurayi a gona, ɗan wani dattijo da ake kira Baffa. Wata guda kafin nan saurayin ya yi faɗa da Mannir a kan garmar da ya ce an ɓata masa. Aka zuba nono, aka jira kwana bakwai, aka tona. Aka samu dutse.

Isa, ƙanin Baffa, shi ya zo har Sule Tankarkar a babur ya ɗauko Dalhatu da hantsi. Tun kafin su sauka Dalhatu ya ji hayaniya. An ɗaure Mannir a jikin durumin ƙofar masallaci, an riga an fara. Idonsa ɗaya ya rufe, haƙoransa biyu suna ƙasa, rigarsa ta manne da bayansa saboda jini. Samari suna tsaye da gora da adda. Liman ya yi magana an ture shi, dagaci ya tafi Gumel tun asuba. Safara'u tana zaune a ƙasa can gefe, tsohuwa tukuf, ba ta kuka, ta dai zuba wa ɗanta ido. Abin da ya rage kawai mai duwatsu ya faɗi kalmarsa.

Aka miƙo masa dutsen a bakin shebur. Dalhatu ya sa a kawo ruwa ya wanke shi, a ransa yana roƙon Allah ya sa marmara ce. Yatsansa yana taɓa bakin ya san ba marmara ba ce. Fuska biyu, an wasa su daidai. Gindi da kaushin koɗa. Bai taɓa riƙe mai kyansa ba.

Ya yi tunanin ya ce tsakuwa ce. Amma bakin dutsen a fili yake, ko makaho ya shafa ya san ba ruwa ne ya yi shi ba, in ya yi ƙarya a nan ba mai sake sauraronsa.

Baffa ya matso, idanunsa jawur. "Malam Dalhatu, ɗana yana ƙasa kwana bakwai. Shi ne ko ba shi ba ne?"

"Allah ya jiƙansa, Baffa, Allah ya ba ka haƙuri," in ji Dalhatu. "Gatari ne. Amma ba daga sama ya zo ba. Mutum ne ya sassaƙa shi da hannu, tun kakannin kakanninmu ba su zo ƙasar nan ba. Yana nan kwance a gonar kafin a haifi ɗanka, kafin a haifi Mannir."

Rabin maganar kawai suka tsaya ji. Wani saurayi ya ɗaga gora ya sauke wa Mannir a haƙarƙari, aka ji ƙarar ƙashi. Dalhatu ya shiga tsakaninsu da durumin, ya ɗaga murya yadda bai taɓa yi ba.

"Ku tsaya ku ji. Uban wannan bawan Allah, Ilu, da bakina aka kashe shi. Na ce gatarin aradu ne, alhali marmara ce. Na wanke ta a rijiya na fasa ta da hannuna. Ilu bai turo komai ba. Shekara talatin da takwas na sani na yi shiru."

Bai iya kallon inda Safara'u take ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da nasa, ya haɗa su biyu a hularsa ya girgiza, ya miƙa wa Baffa.

"Ɗaya daga cikin nan ni na yi shi, da yashi da ruwa, a tsakar gidana. In akwai na sama, Baffa, ka nuna mini shi."

Shi a ganinsa ya gama magana, hujja ta fito fili. Shekara ashirin yana ɗauke da dutsen nan don irin wannan ranar, bai taɓa tunanin yadda mai ɗauke da gora zai karanta hujjar ba. Baffa ya leƙa hular ya ja da baya. Isa ne ya yi magana, a hankali ma ya yi ta.

"To, ashe kai ne kake sassaƙa wa masu turo aradu."

Wanda ke bayansa ya make shi a ƙeya, hular ta faɗi, duwatsun suka watse. Suka bar durumin gaba ɗaya suka yo kansa. Aka tattake shi, aka ja shi a ƙasa har bakin turmin da wata mata ta bari a inuwa. Isa ya ce hannun da ke sassaƙa shi za a fara yi wa. Mutum biyu suka danne shi, aka kife turmin aka ɗora hannun damansa a kai, aka sauke taɓarya. Dalhatu ya ji yatsunsa suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ihu, ba zai ce bai yi ba. Da suka jawo na hagu, kansa yana ƙasa a karkace, sai ya hango ta tsakanin ƙafafun mutane da ɗan idon da ya rage masa. Safara'u tana bayan durumin da wuƙar yankan kuɓewa, tana gurzar igiya. Ba wanda ya kula da tsohuwa. Ya ga Mannir ya zame ƙasa, ya rarrafa, ya shige cikin gero.

Daga nan Dalhatu ya daina kare kansa. Ya yi ta zaginsu, ya kira Isa matsoraci, ya ce taɓaryar ma ba su iya riƙewa ba, duk don kada wani ya waiwaya. Suka yi masa yadda yake so. Bai san lokacin da dagaci ya iso da 'yan sanda ba.

Ya yi wata biyu a asibiti a Gumel. An yanke yatsu uku a dama, sauran, har da na hagu, suna nan amma sun sandare, ko allura aka soka ba ya ji. Isa da mutum huɗu suna tsare. Murja ce ke ba shi abinci a baki, ta daina tsokanarsa da maganar tsakuwa.

Bayan an yi girbi, yana zaune a ƙofar gida, sai babur ya sauke Safara'u. Ta zauna a ƙarshen tabarmar, suka gaisa kamar kullum.

"Mannir yana can hayin iyaka wurin kawunsa," in ji ta. "Ya fara tashi. Matarsa da yaran sun bi shi. Na ce sai na zo na gaya maka da bakina."

"Alhamdu lillahi," in ji Dalhatu. "Safara'u, ki yafe mini."

Ta ɗago ta dube shi.

"Na ɗana na gode maka, har in mutu. Amma Malam Dalhatu, sau nawa ka zauna a ƙofata? Shekara talatin da takwas, duk sallah sai na roƙa wa Ilu gafarar ran Gambo. Yaron nan yana ƙarami ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kan ubansa, na ce ya yi masa addu'a kawai. Kana jin mu ta bayan zana kana koɗa. Wannan ba ni kaɗai ke da shi ba balle in yafe. Sai kun haɗu da Ilu."

Ta kwance bakin zanenta ta fito da duwatsun nan biyu. Ita ta tsince su a gindin durumi bayan kowa ya watse.

"Ga kayanka. Ban san wanne ne naka ba."

Ta ɗora masa su a cinya ta tafi. Dalhatu ya daɗe yana tura su da dungulmin hannunsa, ya bi bakin wannan, ya bi gindin wancan. Da Murja ta fito da tuwo ta tambaye shi wanne ne nasa, ya ce bai sani ba.